Kwamfutarmu ta gida tana daskarewa, sai an kashe an kunna

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a taimaka min da shawara. Kwamfutar tebur ce muke da ita a gida, 'yar gwanjo, Core i5 ƙarni na huɗu, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 4GB, faifan ajiya 500GB, Windows 10 ce a kanta. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, da ita kuma babban ɗana yake gwajin JAMB. Tun shigowar hunturu ta tsiro da wani hali: ana tsaka da aiki sai ta daskare, a danna nan shiru, a danna can shiru, sai an danne maɓallin wuta ta mutu sannan a sake kunnawa. Da can sai a wuni ba ta yi ba, yanzu kuwa tsakanin Azahar da La'asar ma ba ta barin mutum ya gama shafi biyu. Sakamakon zangon farko duk yana ciki. Ina zan fara?

Mai Kafe:
Wa alaikumus salam Malama. Bairos ne wannan, ba ko tantama. Kwamfutar malamin makaranta kullum cikin karɓar filashin mutane take, yau na hedimasta, gobe na mai buga takardu. Ki kai a yi mata fomat a ɗora sabuwar Windows. Ni a shagona da zarar wata ta fara wannan halin fomat nake yi mata, kafin yamma ta koma bakin aiki.

Injiniya:
Malama, kada ki kai ta fomat tukuna. Alhaji Mai Kafe ka yi min haƙuri, amma fomat yana share komai, ga shi ta ce sakamakon yara yana ciki. Abin da za ki fara yi yau ɗin nan, kafin kowane gwaji, ki samu filashi mai kyau ki kwashe takardunki. Ki fara da sakamakon da tambayoyin, ƙanana ne, cikin minti kaɗan za su shige. Hotuna da bidiyo su biyo baya.

Sannan ina son idan ta sake daskarewa ki ɗan dakata kafin ki kai hannu maɓallin wuta, ki lura min da wasu abubuwa. Kibiyar linzami tana motsi ko ita ma ta tsaya? Ki danna Caps Lock ki ga ko 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. A gaban akwatin kwamfutar, kusa da maɓallin wuta, akwai wata 'yar fitila da take ƙiftawa idan faifai yana aiki, ki duba ko tana ƙiftawa, ko ta mutu, ko ta tsaya a kunne cak. Ki kuma kara kunnenki a jikin akwatin ki ji ko akwai wani sauti. Tambaya ta ƙarshe: ta taɓa mutuwa da kanta, ko kullum ku kuke kashe ta?

Malamar Firamare:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na kwashe sakamakon, alhamdu lillahi. Ta kuma yi halin nata ɗazu ina zaune. Kibiyar tana yawo yadda ake so, sai dai duk abin da na danna ba ya buɗewa, wannan da'irar ce kawai take ta juyawa. Fitilar Caps Lock tana amsawa. Fitilar gaban akwatin kuwa a kunne take cak, ba ta ƙiftawa. Da na kara kunne na ji wani ƙas, ƙas, a hankali, sai ya yi shiru, sai ya dawo. Na ƙyale ta na je na ɗora girki, da na dawo ta farfaɗo da kanta, amma ba a jima ba ta sake. Ba ta taɓa mutuwa da kanta ba.

Ɗan Damagaram:
Malama ta faɗi maganar da ba a kula da ita ba: tun shigowar hunturu. Ƙura ce. Mu nan muna buɗe odinata (kwamfuta) a wannan lokaci mu tarar da haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) sun toshe ƙaf, ƙura ta yi kauri ta zama bargo, fanka tana juyawa amma iska ba ta ratsawa. Furosesa kuma idan ta kusa digiri 100 sai ta rage gudunta don kada ta ƙone, shi ne za ki ga komai ya yi nauyi. Ki cire waya daga soket, ki danne maɓallin wuta ɗan lokaci sauran kuran (wutar lantarki) ya fita, ki fita da akwatin tsakar gida, ki buɗe gefe, a hura da bulowa. Ki sa yaro ya riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kuma kafin a taɓa komai a ciki a fara dafa ƙarfen akwatin, domin a busasshiyar iskar hunturu jikin mutum yana tara wutar nan mai tartsatsi, ita kuma tana kashe kayan ciki.

Injiniya:
Duk abin da ɗan uwana na Damagaram ya faɗa a kan yadda ake share ƙura daidai ne, kuma ya kamata a yi shi ko da lafiya ƙalau take. Sai dai alamun da Malama ta kawo ba su yi kama da na zafi ba. Kwamfutar da zafi ya dama, fankarta za ta riƙa ihu, kuma sau da yawa ɗauke wuta take yi ɗif ba sallama. Ita wannan ba ta taɓa mutuwa da kanta ba, linzami yana motsi, Caps Lock yana amsawa. Ma'ana furosesa tana nan da ranta, jira take yi. Abin da take jira kuma fitilar nan da ta tsaya a kunne ta nuna mana shi. Amma kada mu yi ta ja a kan zato. Malama, a sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, a duba zafin. Idan ba a komai a kanta ya kamata ki gan shi wajen digiri 35 zuwa 50. Idan kin ga 80 ko 90 tana zaune haka kawai, to ɗan uwana ya yi gaskiya.

Mai Sola:
Ni tambayata ita ce wace irin wuta take sha? Wutar gidajenmu a takarda bolt 230 ce, amma ka auna da yamma a wasu unguwanni ka ga abin mamaki. Ga ƙaramin janareto da muryarsa take sauyawa da an jona dutsen guga. Fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta) ɗin kwamfutar da aka yi tun wajen 2013 ko 2014 kafasitocinsa sun riga sun gaji, irin wannan wutar tana ƙarasa su. Kuma mutane suna ruɗa sitabilaiza da UPS. Sitabilaiza daidaita wuta kawai take yi, da an ɗauke ita ma ta mutu. UPS ce mai batir a ciki, take ba ka 'yan mintunan da za ka adana aiki ka kashe cikin mutunci. Gargaɗi ɗaya ga masu son buɗe-buɗe: kada kowa ya kwance fawa-fak a gida, kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an cire waya.

Malamar Firamare:
Sitabilaiza kawai muke da ita, Malam. Ɗauke wuta ana tsaka da aiki kam ta sha shi ba adadi. An hure ƙurar da safe, kuma gaskiya an fitar da mai yawa. Zafin kafin hurawa 58 yake nunawa, bayan hurawa ya sauko 41. Amma daskarewar tana nan.

Mai Kafe:
To kun gani? An share ƙura abin bai tafi ba. Ni fa ba da ka nake magana ba. Bairos ɗin nan da yake ɓoye fayiloli a filashi ya mayar da su gajerun hanyoyi, wace makaranta ce bai shiga ba? Ga manhajojin sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa, wasu da abin haƙar kuɗin kirifto suke zuwa a ɓoye, ya cinye ƙarfin kwamfuta mai ita bai sani ba.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne Alhaji, kuma gano shi ba wuya. Malama, tun tana da lafiya ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ki bar shi a buɗe a gefe ki ci gaba da aikinki. Da ta fara nauyi ki kalli ginshiƙan nan na CPU (furosesa) da Memory (RAM) da Disk (faifai) ki faɗa mana wanne ne ya cika. Idan mai haƙar kirifto ne, za ki ga CPU ta haye sama ta zauna.

Malamar Firamare:
CPU kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. Memory kashi 82. Disk kashi 100, ya yi ja, amma lambobin da ke ƙarƙashinsa ƙanana ne ƙwarai, 0.1 MB/s, wani lokaci ma sifiri.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Anti, Memory ɗin nan ma abin dubawa ne. 4GB ya yi wa Windows 10 kaɗan a yau, ita kanta tana cin kusan rabi kafin a buɗe komai. A buɗe Chrome da shafuka biyar, a ƙara Word, ya cika. Idan RAM ya cika Windows tana kwashe abin da ya yi yawa ta ajiye a kan faifai, ta riƙa kaiwa tana ɗaukowa, shi ya sa faifan yake kaiwa 100. Ina ganin a ƙara RAM ya zama 8GB. DDR3 irin wannan kwamfutar take ɗauka, kuma ana samunsa a kasuwa.

Injiniya:
Ƙanwata kin kawo hujja mai kyau, kuma ƙarin RAM zai amfane ta. Amma dubi lambar nan da kyau. Da kai-kawon da kika faɗa ne kawai, da mun ga faifan yana motsa bayanai, ko da megabait kaɗan ne a daƙiƙa. Faifai mai lafiya irin na tebur, mai juyawa sau 7200 a minti, yana iya haura MB 100 a daƙiƙa idan yana karanta babban fayil. Wannan ya ce ya cika aiki, amma kusan babu abin da yake wucewa. Abin da yake faruwa a irin wannan hali shi ne allurar karatu ta isa wani gurbi da ya lalace a kan farantin, ta kasa karantawa, ta koma ta sake gwadawa, ta sake, ta sake. Sautin da Malama ta ji ke nan. Windows kuma ba za ta wuce ba sai ta samu amsa, shi ya sa duk wata manhaja da take buƙatar faifai take tsayawa, linzami da ba ya buƙatarsa yake ta yawonsa. Idan faifan ya haƙura ya ba da amsa sai ta farfaɗo, kamar yadda ta yi lokacin girki.

Ga yadda za a tabbatar. A sauke CrystalDiskInfo. Kowane faifai yana rubuta tarihin lafiyarsa a cikinsa, wannan manhajar karanto shi kawai take yi. Idan ta nuna shuɗi da Good, to mu koma wani wajen. Idan rawaya ce da Caution, a duba layukan 05 da C5 da C6. A kuma duba C7, domin idan shi ne yake hawa, sau da yawa wayar SATA ce, wadda ake jona faifan da ita, ta yi sako-sako ko ta lalace, wannan kuwa gyaran kuɗi kaɗan ne. Sai a buɗe Event Viewer, a shiga Windows Logs, a shiga System, a nemi saƙonnin da aka rubuta disk a gabansu.

Ɗan Malama:
Assalamu alaikum, Umma ce ta ce in rubuto. Rawaya ce, Caution. An sa ɗigon rawaya a 05 da C5. C7 ba komai. A Event Viewer akwai jan saƙo mai lamba 41, Kernel-Power, da yawa sosai. Ko shi ne matsalar? Akwai kuma masu lamba 7 da 153 na disk.

Injiniya:
Madalla da kai. Lamba 41 tana tsorata mutane, amma abin da take cewa kawai shi ne an kashe kwamfuta ba ta hanyar da ta dace ba. Kowane danne maɓallin wuta da kowace ɗaukewar wuta sun bar guda a nan. Lamba 7 ita ce magana, tana cewa an ci karo da gurbin da ya lalace. 153 kuma tana cewa sai da aka maimaita karatu ko rubutu. 05 ƙidayar guraben da faifan ya riga ya yanke ƙauna da su ya sauya musu wuri ce, C5 kuma waɗanda ya kasa karantawa yake jiran ya ga yadda za ta kaya. Faifan nan yana kan hanyarsa ta mutuwa. Daga yanzu kada a kunna kwamfutar sai don kwashe kaya.

Alhaji Mai Kafe, ka ga dalilin da na ce a dakata. Ɗora sabuwar Windows a kan wannan faifan zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Za ta iya yin 'yan kwanaki lafiya, domin rubutu a kan guraben da suka lalace yana sa faifan ya sauya musu wuri, sai mai ita ya saki jiki ya ci gaba da tara aiki a kai, sannan wata safiya ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi maka albarka Injiniya. Malama 'yata, ki ji wannan da kyau. Na yi aikin akawu shekaru masu yawa, kuma na ga ofishin da lissafin shekara guda ya tafi a dare ɗaya saboda wuri ɗaya aka ajiye shi. Muka zauna muna sake shigar da shi daga rasitai, har azumi ya same mu a kai. Duk abin da ba za ki iya sake yin sa ba ki ajiye shi a wuri biyu, ɗaya kuma ya kasance ba a cikin gidan ba. Sakamakon yara ki tura wa kanki ta imel ko ki sa a Google Drive, suna ba da 15GB kyauta, takardun makaranta ba za su cika shi ba.

Malamar Firamare:
Amin Baba, na gode, zan yi in sha Allahu. Yanzu matsalar hotuna ce. Akwai na bikin ƙanwata da na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da muryoyin karatunsa da aka ɗauka. Da an fara kwafa sai ya je wani wuri ya maƙale, kwamfutar ta daskare.

Mai Kafe:
Allah ya jiƙan Baba. Na ji ana cewa idan aka naɗe faifan a leda aka sa shi a firiza ya kwana, yana tashi na ɗan lokaci.

Injiniya:
Amin. A'a Alhaji, don Allah kada a yi. Da an fito da shi raɓa za ta kwanta a kan farantan, tazarar da ke tsakanin allura da faranti kuwa ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kada kuma a yi masa chkdsk mai dogon bincike ko difirag (sake jera fayiloli a kan faifai) yanzu. Duka biyun suna sa faifan aiki mai nauyi na sa'o'i, ƙarfin da ya rage masa kuma na kwashe kaya ne.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
Anti, ga hanyar da nake bi. A wata kwamfutar a sauke Linux Mint, wadda take tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a ɗora a filashi da manhajar Rufus, a zo a tayar da taku daga filashin. Za ta tashi ba tare da ta dogara da faifan ba, don haka ko ya maƙale ita ba za ta daskare gaba ɗaya ba. Kada a danna inda aka ce a girka, a buɗe faifan kawai kamar jaka. Sai a riƙa kwafa jaka ɗaya-ɗaya, a fara da muryoyin karatun. Duk fayil ɗin da ya ƙi, a tsallake shi a rubuta sunansa, a dawo masa a ƙarshe. Idan faifan ya ƙi buɗewa daga Linux, wataƙila Fast Startup ne ya kulle shi, domin tun daga Windows 8 Shut down ba ya kashe ta gaba ɗaya, wani ɓangare yake ajiyewa. A koma Windows a danne Shift lokacin da ake danna Shut down, sai a sake gwadawa. Wannan ma gwaji ne a kan kansa: idan ta yi sa'o'i a kan filashi ba ta daskare ba, alama ce mai ƙarfi cewa bod (babban allon da kayan ciki suke jone a kai) da fawa-fak lafiyarsu lau.

Injiniya:
Haka za a yi. Idan kuma aka ga fayilolin da suke ƙi sun yi yawa, a tsaya, a kai wa wanda ya iya manhajar ddrescue, wadda take fara kwashe wuraren da ke da lafiya sannan ta dawo ta lallaɓa masu ciwo.

Maganar sabon faifai kuwa, kada a sake sayen mai faranti. A sayi SSD mai bakin SATA, inci 2.5, 256GB ya ishe ku. Babu abin da yake juyawa a cikinsa, kuma yana kaiwa wajen MB 500 a daƙiƙa. A gwada shi da CrystalDiskInfo tun a shagon, a duba Power On Hours, domin ana sayar da wanda ya sha aiki a kwalin sabo. Kada a kwafo tsohuwar Windows daga faifan da ya lalace, a ɗora sabuwa fes da filashi mai 8GB. A nan shawarar Alhaji ta samu gurbinta.

Mai Sola:
A haɗa da UPS ko da ƙarama ce. SSD ma ba ya son a ɗauke masa wuta yana tsaka da rubutu.

Ɗan Damagaram:
Tunda za a ɗora sabuwa, me zai hana a sa Windows 11 gaba ɗaya?

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta:
A hukumance ba ta karɓar ƙarni na huɗu, daga na takwas Intel take farawa, kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Akwai dabarun tsallakewa, amma babu tabbacin za a ci gaba da samun sabuntawa. Windows 10 kuma Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Tana aiki, sai dai a yi hattara da ita a intanet, musamman harkar banki. Ni da tawa ce Linux Mint ɗin zan bari a kai, LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel.

Malamar Firamare:
Manhajar gwajin JAMB ɗin yaron ta Windows ce, kuma fom ɗin sakamakon makarantarmu a Excel aka tsara shi, ina tsoron ya wargaje. Za mu zauna a Windows 10 har ya gama jarrabawa, banki kuma dama a waya nake yi.

Ga labarin da ake ciki. Muryoyin karatun Baba duk sun fita lafiya, alhamdu lillahi, na zauna na saurare su ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar. Hotunan biki wasu kaɗan sun ƙi, wasu kuma sun fito rabinsu toka-toka, amma ƙanwata ta ce tana da su a wayarta. An sa SSD, an ƙara RAM ya zama 8GB, an ɗora sabuwar Windows. Tun daga lokacin ba ta daskare ba, kuma kafin in gyara zama ta gama tashi. UPS sai ƙarshen wata. Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: mai gyaran ya ce in bar masa tsohon faifan. In bari?

Injiniya:
Kada ki bari Malama. Sunayen ɗalibai da sakamakonsu da hotunan iyalinki suna ciki, kuma mafi yawansu har yanzu ana iya karanta su. Ki karɓo shi ki ajiye a aljihun tebur har ki tabbatar babu abin da kika manta ba ki kwashe ba. Ranar da kika tabbatar, ki sa a huda shi da dirila wuri uku ko huɗu ta kan farantan kafin ya tafi wajen 'yan gwangwan.